Tsarabar Baba Daga Ƙarƙashin Teku

Ni mutum ce mai saurin mantuwa, kuma abin bai taɓa damuna ba. Ko abincin da aka ci ranar aurena ka tambaye ni, sai na kira ƙawata ta tuna mini. Amma rakiyar da na yi wa Baba zuwa tsibirin Martinik, da abin da ya gudana tsakanina da shi a kan wani ɗan jirgin ruwa mai warin fetur, wannan kam ko na tsufa haƙora sun zube ba zai bar kaina ba.

Baba ya ƙarar da ƙarfinsa ne a Rungis, babbar kasuwar abinci da ke gefen Paris, a ɓangaren kifi. Aikinsa ɗaukar akwatunan kifi cikin ƙanƙara, daga mota zuwa rumfa, daga rumfa zuwa mota. Tun ina ƙarama na san hannuwansa a tsattsage, na san warin rigarsa tun yana kan matakala. Asalinsa ɗan masunci ne daga bakin tafkin Cadi, wajen Ngigmi. Ya ce yana yaro shi ake turawa ya yi nutso ya kwance raga in ta maƙale a ƙasa. Kullum maganarsa ɗaya ce: kifin duniya kaf ya bi ta hannunsa, amma duk gawa. Wani abokin aikinsa ɗan Martinik ne ya ƙara hura masa wutar, ya ba shi labarin jiragen da suka nutse a gaɓar garinsu ranar da dutse ya yi aman wuta, ya ce yanzu kifaye sun tare a cikinsu kamar ƴan haya. Tun daga nan Baba ya riƙe "wata rana". Mu kuwa a gida da ya fara sai mu kalli juna mu yi murmushi.

Lokacin da abin ya faru na riga na yi aure na koma Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, ina aiki a kes, wato wurin karɓar kuɗi, na wani babban kanti. Aikina ke nan, in ja kaya in wuce da su, na'ura ta yi ƙara, in ce na gaba. In ka tambaye ni abin da mutum ya saya bayan ya juya baya, wallahi ban sani ba. Baba kuma ya ajiye aiki, ciwon suga ya taɓa masa ido. Wata rana ina cikin motar bis ya kira ni. Na gaishe shi, ya shiga tambayar mai gidana da gajiya da sanyin Lyon da maƙwabta, sai na katse shi.

"Baba, duk lafiya lau. Na kusa sauka, mene ne?"

"Uwata, kullum kina kusa da sauka." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Likita ya ce idon nan ba dawowa zai yi ba, gaba zai ci. Ina so in je in ga kifin nan da ransu tun ina ganin wani abu."

Na ce ya tafi da Mama mana. Ina jin muryarta daga kicin tana cewa ita da ruwa sai a buta, kuma gwiwarta ba za ta zauna a jirgin sama na wuni guda ba. To, dole wani ya riƙe masa hannu. Na nemi hutu, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris ina ƙunƙuni, muka tashi.

Gidan ƴar'uwar abokin nasa muka sauka, a wani gari da ke kwance tsakanin dutsen da teku. Zafi ya buge ni tun daga ƙofar jirgi, Baba kuwa ya buɗe ƙirji ya ce wannan ita ce iskar mutane. Washegari muka je wurin masu koyar da nutso. Mai koyarwar wata mata ce gajera kakkaura, furfura ta fara mata, kowa Madam yake ce mata. Ta ce kafin a ɗaura wa mutum tulun iska sai likita ya duba shi. Likitan bai daɗe da Baba ba. Ya auna jini, ya leƙa ido, ya ji labarin suga, ya girgiza kai. Baba ya yi gardama, ya ce yana nutso tun ba a haifi uban likitan ba. Likitan ya yi dariya, amma bai sa hannu ba.

Muka fito muna bin gefen teku, hannunsa a kafaɗata. Ni kuwa shiru yana ƙona ni. Na ce ai akwai jirage masu gilashi a ƙasa, sai ya zauna ya leƙa. Ya ce da wane idon? Abin da ke gabansa ma sai ya kai shi bakin hanci. Muka ƙara tafiya, sai ya tsaya.

"To ke za ki shiga."

"Ni? Baba, hannunka na zo riƙewa."

"Ba a makaranta aka koya muku iyo ba? Ki shiga ki gano mini. Ki kawo mini tsaraba."

Na so in ce a'a. Na dubi idanun nan da suka fara yin fari-fari a gefe, na ce to.

Kwanakin koyon nan na sha wuya, kuma Madam ta fi ni sha. Aka cusa ni cikin rigar roba mai hula, aka ɗaura mini ɗamarar dalma, aka goya mini tulu mai nauyi kamar buhun gero, aka sa mini gilashi a fuska da abin shaƙa a baki. Duk abin da nutso ke buƙata shi ne abin da Allah bai ba ni ba. Ana sauka a hankali, ana toshe hanci a hura don kunne ya buɗe. Ni sai in zube ƙasa kamar dutse, kunnena ya ɗauki zafi kamar an soka tsinke. Ana shaƙar iska a hankali. Ni sai in zuƙe tuluna kafin kowa ya ci rabi. In za a fito, sai an tsaya a ƙarƙashin jirgi an riƙe igiya na ɗan lokaci, don jiki ya saba kafin a fito sarari. Ni kuwa tsayuwar nan ji nake kamar layin asibiti. Madam tana da kalma ɗaya da take maimaita mini, "dusma, dusma", wato a hankali, a ƙarƙashin ruwa kuma sai ta shimfiɗa tafin hannu tana danna shi ƙasa. Na ga wannan tafin hannu har a mafarki. Duk wannan Baba yana zaune a cikin jirgi da hularsa da carbinsa, yana hira da direba da Faransancinsa na kasuwa.

Da Madam ta ga na daina neman kashe kaina, sai ta ce za mu je wani jirgi da ya nutse a inda ba zurfi sosai. Muka sauka. Na gan shi, baƙi, a kwance, na zagaya shi daga kai zuwa gindi kamar wadda aka aika, na duba agogon iska, muka hau. Ina fitowa Baba ya matso har yana neman faɗuwa.

"Uwata, me kika gani?"

"Ƙarfe ne, Baba. Ya yi tsatsa. Da kifaye."

"Wane iri?"

"Iri-iri."

"Manya ko ƙanana?"

"Da manya da ƙanana. Bari in cire wannan abin, ya matse ni."

Madam ta ɗauko hotunan jirgin, ta miƙa masa. Ya kai su bakin hancinsa, ya juya, ya ƙara juyawa, ya mayar mata da godiya. Ya ce mini da Hausa shuɗi kawai yake gani. Da yamma matar gidan ta soya kifi, Baba ya taɓa kaɗan ya wanke hannu. Ya ce in na gaji in bari, ai an zo an sha iska, ya isa. Muryar da ya faɗi "ya isa" ɗin ce ta tsaya mini a rai. Mutumin nan ya jira wannan tafiya tun ina goye, ga kwanakinmu suna ƙarewa, kuma abin da zai koma da shi Paris shi ne "iri-iri".

Sai na yi tunani irin nawa. Ya ce tsaraba, to tsaraba zan kawo. A wajenmu ko kasuwar ƙauye ka je ba ka dawowa hannu rabbana, bare wanda ya je ƙarƙashin teku. Washegari da muka sauka, na hango wani ɓallin faranti a cikin yashi kusa da jirgin, fari da zane a bakinsa. Na ce shi ke nan, wannan ko bai gani ba zai shafa. Na ɗauka na tura cikin hannun rigata. Ban san Madam tana da ido a ƙeya ba. Ta zo ta kama wuyan hannuna, ta zaro shi, ta nuna mini ramin da na ciro shi, ta tsaya har na mayar.

Muna hawa jirgi na fara yi wa Madam ƙorafi, tun ban cire gilashi ba. Na ce mata ɓallin faranti ne, ba zinariya ba, ubana ne ba ya gani. Ta ce in kowa ya ɗauki ɓalli ɗaya, da yanzu babu jirgin. Ta ce kuma mutane sun mutu a wurin nan, kayansu ne. Baba yana jin mu. Sai na ji ya fashe da dariya, dariyar da ban ji ba tun ranar likita.

"Uwata, makabarta kika je kika ɗebo mini kaya?"

"Ba kai ka ce tsaraba ba!"

"Na ce. Zauna, kina jiƙa ni." Na zauna. "Kakanki in ya shiga cikin tafki sai ya yi watanni. In ya dawo yakan zo da banda, mu cinye a ƴan kwanaki. Amma yakan zauna kan tabarma ya faɗa mana yadda dorina ta buɗe baki, da yadda tsibiri ke tafiya da ciyawarsa. Ban taɓa ganin wannan dorinar ba, amma har yau na san haƙorinta na hagu a karye yake." Ya juyo da fuska wajena. "Da kika isa wurin ma, kin yi sallama?"

"Da abu a bakina?"

"Zuciyar ma roba aka cusa mata?"

Ranar da ta rage mana ta ƙarshe, Madam ta ce za mu shiga sau biyu, da safe da kuma bayan azahar. Da safen na sauka ina riƙe da igiya, ina hura hanci kamar yadda aka koya mini. Da jirgin ya fara fitowa daga cikin shuɗin, na yi sallama a zuci, na yi wa mutanensa addu'a. Ban zagaya ba. Na samu wani wuri inda cikin jirgin ya tsage, na durƙusa a kan yashi, na ce yau sai na ga abin da zan faɗa.

Ashe jirgin nan ba baƙi ba ne. Ƙarfen ya tsiro da abubuwa, wasu kamar tukwane masu buɗaɗɗen baki, wasu kamar bulala doguwa tana lanƙwasa. Haƙarƙarinsa a tsaye kamar na saniyar da ungulu suka gama da ita. Wasu ƙananan kifaye masu ratsin rawaya sun taru a inuwa, duk sun fuskanci gefe ɗaya kamar sahun salla, in ruwa ya turo su su matsa tare, in ya ja su koma tare. Da na daina motsi sai suka manta da ni, har wani ya zo yana tsattsagar yashin da gwiwata ta tayar. Babu ƙarar komai sai numfashina, da wani ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a nesa. Can cikin tsagar kuma ga wani babba shi kaɗai, ya kai tsawon hannuna, bai motsa komai sai fiffiken gefensa. Bakinsa mai tsini, haƙora biyu sun leƙo kamar na kare. Ya kalle ni, na kalle shi. Kallon mai gida ne da aka shigo masa ba izini.

Da muka hau muka tsaya a igiya, na ɗaga kai. Ga cikin jirginmu a sama, ga hasken rana yana karyewa, ga kuma ƙafafu biyu a cikin ruwa. Baba ne ya zauna a bakin tsani ya naɗe wando ya tsoma su. Ina ganin farin tafin ƙafarsa, yana motsa yatsu a hankali. Iyakar rabonsa da tekun ke nan. A wannan tsayuwar da na tsana, ranar ban so ta ƙare ba, don ina jera abin da zan faɗa masa, kada in zubar da ko ɗaya a hanya.

Na fito na zauna kusa da shi da rigar robata, na fara tun daga igiya. Ya rufe ido. In na yi sauri sai ya ɗaga hannu, irin na Madam, in koma baya. Da na zo kan mai haƙoran nan sai ya buɗe ido.

"Bayansa da ƙaya? Wutsiyar ba ta rabu sosai ba?"

"Haka."

"Vivano ne! Ja ne jawur. Haƙorin nan ya sha huda mini safar hannu."

"Ba ja ba ne. Toka-toka ne."

"Ja ne."

"Baba, ni na gan shi fa."

"Ni kuma na ɗauke shi a kafaɗa kafin ki iya tafiya. Ja ne!"

Muka kaure, har direba ya juyo. Madam ta tambaya, na fassara mata, ta riƙe ciki tana dariya. Ta ce ai ta faɗa a darasi, ina can ina kallon agogo. In aka yi ƙasa, ruwa yakan shanye launin ja, ko jini ne sai ya koma baƙi-baƙi. Ta buɗe akwati ta miƙo mini tocila. Baba ya ce, "Koma ki duba."

Bayan azahar na koma. Yana nan inda na bar shi. Na matsa a hankali, na kunna tocilar a gefensa. Wayyo. Kamar an watsa masa manja. Jikin ya kama da ja, fiffiken ya fi jikin, kuma ƙarfen da ke bayansa, wanda na ɗauka toka ne, ashe ja ne da ruwan lemo da shunayya. Na kashe, komai ya koma toka. Na kunna, ya dawo. Na yi dariya har ruwa ya shigar mini gilashi.

Kaina na fitowa daga ruwa na tofar da abin bakin na ƙwala, "Ja ne, Baba! Amma sai an haska!"

Ya yi murmushi, ƙafafunsa a ruwa. Can ya ce, "To ashe shi kansa bai san shi ja ba ne. A gidansa toka yake yawo." Ya lalubo kaina da hular robar ya dafa. "Faɗa mini yadda yake yi da fiffiken." Na kama hannunsa na buɗe yatsun, na riƙa motsa su a hankali, gaba da baya, kamar yadda na gani. Muka zauna a haka har jirgi ya kai gaɓa. Na ga ruwa yana bin kumatunsa, ban tambaya ba ko na teku ne.

Bayan mun dawo idon ya tafi gaba ɗaya, kamar yadda likita ya ce. Ni ina Lyon, shi yana Paris, sai waya. Yakan kira, in gaishe shi, in bar shi ya gama tambayar kowa da kowa, sannan ya ce, "Uwata, nutsar da ni." Na nutsar da shi a cikin bis, na nutsar da shi a ɗakin hutun ma'aikata abincina yana hucewa, na nutsar da shi a gadon asibiti ina riƙe da hannunsa. In na tsallake kifayen sahun salla sai ya ce na bar jama'a a baya. Har ya zamana ya fi ni sanin jirgin nan. Mama ta ce ta taɓa jin shi yana ba wani baƙo labarin, yana cewa "da muka sauka", kuma ba ta gyara masa ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Har yanzu ina kes ɗina, kuma har yanzu ba ni da haƙuri, kada wani ya ɗauka na zama waliyyiya. Mai gidana ya sha cewa mu koma tsibirin, in ce masa sai wani hutun. Gaskiyar ita ce ina tsoron in tsaya a igiyar nan in ɗaga kai in ga tsani babu ƙafafu. Amma wani lokaci in na tashi aiki nakan bi ta wurin masu kifi a kantinmu, in tarar da vivano kwance a kan ƙanƙara, ja jawur, baki a buɗe. Nakan tsaya. Yaran wurin sun saba, ba su tambayata ko nawa za a auna.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, in Allah ya kai ka inda wani naka ba zai iya zuwa ba, idon da ke kanka ba naka ba ne kai kaɗai. Ka tsaya ka duba da kyau, ka dawo ka zauna ka faɗa masa dalla-dalla, tun yana nan yana tambaya. Da an bar ni da ɓallin farantin nan, da yanzu yana cikin wata durowa ya yi ƙura. Wannan tsarabar kuwa Baba ya ci ta har ranar da ya tafi, kuma ga ta nan a hannuna ba ta ƙare ba, sai dai babu mai ce mini in nutsar da shi.